Gashin Doki a Haƙoran Yayana

Ni duk garin da na shiga, bakin mutane nake fara kallo. Wani riga yake dubawa, wani takalmi, ni haƙori. Na yi fataucin goro har Gwanja, na ɗanɗani ruwan teku a Ikko na tofar, na bi hanyar gabas a ƙasa na sauke farali na dawo, kuma ko'ina sai an ce Bahaushen nan ba shi da ta ido, kana yi masa magana yana leƙa maka baki kamar mai cinikin jaki. Ba rashin kunya ba ne, jama'a. Yayana ne ya bar mini wannan hali, Allah ya jiƙansa.

Gidanmu a Dutse yake, a gindin duwatsu, wajen da dabino ya yi yawa. Mahaifinmu malamin allo ne. Makarantar da ke zaurenmu ta kakansa ce, daga uba sai ɗa take tafiya, ba ta taɓa fita daga gidan ba. Mu biyu ne maza. Yaya shi ne ɗan fari, ni ke bin sa. Kowa ya san makaranta tasa ce, ni ma na sani, kuma ko kusa abin bai dame ni ba, don ni tun ina ƙarami jaki ya fi allo shiga raina. In aka biya mini aya da safe, kafin azahar ta bi iska. Shi kuwa Yaya sau ɗaya ake biya masa.

To amma bakinsa. Haƙoransa na sama guda biyu na gaba sun turo waje, sun baje, da wata wushirya mai faɗi a tsakani, ba irin wadda 'yan mata ke yanga da ita ba. In ya haɗe turamensa na ciki, na gaba ba sa taɓa na ƙasa, sai a bar rami da za ka zura ɗan yatsa. Leɓensa ba ya rufuwa sai ya matsa. Goro ma bai iya gatsa da gaba ba, sai ya kai shi gefen baki kamar tsoho. Ina tsokanarsa, in ce, "Yaya, rufe ƙofa mana, ƙuda na shiga ba sallama." Sai ya ɗaga allo kamar zai maka mini, ya fasa, ya yi dariya da hannu a baki.

Asalin abin kuwa daga kunya ne. Kun san ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai. Innarmu ta riƙe wannan al'ada da ƙarfi fiye da kowa. Da aka yaye shi aka kai shi Miga wurin kakarmu ta wajen uwa, can ya zauna har ya yi wayo. Yaro ba uwa, sai ya kama tsotsar babban yatsa. Kaka kuwa ba ta iya hana jika komai. Yana tsotso har ya yi famfara, sababbin haƙora suka fito suka tarar da yatsa a hanya, suka kauce masa.

Kaka dai ba ta taɓa yarda ba. Duk sanda aka tayar da zancen sai ta ce, "Ƙadangare ne ya ga giɓinsa. Na ce ya rufe baki in zai zaga bayan ɗaki, bai ji ba."

In ce, "Iya, ƙadangaren nan ba shi ne mai farce ɗaya, wanda ke liƙe a hannun damansa ba?"

Ta ce, "Tafi can, mijin banza, ko zanin sallah ba ka taɓa yi mini ba sai surutu."

Da a ce noma ne gadonmu, da ba wanda zai kula. Garma ba ruwanta da haƙori. Amma karatu da baki ake yin sa. Yaya ya haddace Alƙur'ani tun kafin gemu ya tsiro masa, muryarsa kuma mai sanyi, in yana tilawa a bayan gida mata kan dakata da daka. Sai dai in ya zo kan harafin sin ko sadi, iska ta kuɓuce ta ramin nan, ka ji wani ɗan fito siriri. Haruffan mim da ba kuwa, masu son a rufe leɓe, sai su fito rabi-rabi. Wanda bai yi karatu ba ba zai ji komai ba. Malam yana ji. Haka muke kiran mahaifinmu, Malam, har mu 'ya'yansa.

"Sake," in ji Malam.

Yaya ya sake.

"Sake. Maganar Allah kake karantawa, ba kiran tantabaru ba."

Tun muna yara nake jin wannan "sake" har muka zama samari. Ba duka, ba zagi, kalmar nan kaɗai. Wallahi da bulala ce da ta fi sauƙi.

Al'adar gidanmu ita ce, kafin a danƙa wa magaji makaranta, sai malamin Malam ya zo ya saurare shi. Wani tsohon alaramma ne a wajen Kafin Hausa, shi ya saurari Malam a zamaninsa. In ya ji karatu ya gamsu, sai ya naɗa wa mutum rawani da hannunsa, shi ke nan. In bai gamsu ba, ba mai naɗawa. Ga shi idon Malam ya fara rauni. Ga kuma wani babban ɗalibinsa mutumin Aujara, ya daɗe a gidanmu, mai ladabi, mai haƙora jere ras kamar an shirya su da hannu. Haddarsa ba ta kai ta Yaya ba, amma harafinsa tas yake fita. Ba wanda ya taɓa cewa komai. Kowa dai yana gani.

A lokacin Nasara sun riga sun ci Kano, mun fara sabawa da ganinsu jefi-jefi. Wata rana da rani aka yi shela samari su taru a ƙofar hakimi, za a ɗebi masu aikin hanyar jirgi. Muka je muka yi layi. Bature na zaune a wata kujera mai naɗewa, ja wur, da tafintansa a tsaye. Kowa ya zo sai a ce ya ɗaga hannu, ya juya, ya buɗe baki. Ni da na saba da kasuwar jakai na gane aikin nan da nan, na raɗa wa Yaya, "Saura su ɗaga mana wutsiya."

Da aka zo kansa ya buɗe baki, Baturen ya miƙe. Ya ce ya haɗe haƙora. Ya zaro alƙalaminsa ya zura ta ramin nan, ya shige ba tare da ya taɓa komai ba. Bai yi dariya ba, gaskiya ɗaya ce. Ya dai yi 'yar magana da tafinta.

Tafinta ya ce, "Ya ce a ƙasarsu wannan ba komai ba ne. Zaren ƙarfe ake ɗaura wa haƙora, a riƙa ja a hankali, sai su koma layi."

Yaya, wanda ko gaban Malam ba ya ɗaga ido, ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaye shi yaya ake ɗaurawa."

Tafinta ya ce, "Kai, matsa! An ce maka wanzamin gidanku ne?"

Dogari ya ture shi gaba. Ba a ɗauke mu aikin ba, hakimi ya ce 'ya'yan Malam ne a ƙyale su. Amma maganar nan ta biyo mu gida. A hanya Yaya sai taɓa haƙoransa yake da yatsa yana tura su ciki.

Washegari ya ja ni muka tafi wurin wanzaminmu. Dattijo ne, shi ya yi mana askin suna, shi ya cire mana beli, shi ya yi mana kaciya. Ba mugu ba ne, ina so a ji wannan da kyau. Yana son Yaya kamar ɗansa. Ya saurari labarin, ya sa Yaya ya buɗe baki, ya girgiza haƙoran da yatsa.

Ya ce, "Zaren ƙarfe dai babu maƙerin da zai ja maka shi siriri haka a ƙasar nan. Amma shi Nasara don bai san gashin wutsiyar doki ba ne. Me ya fi shi ƙarfi? Da shi ake tarkon tsuntsu. Da shi ake goge. Da shi nake ɗaure cindon jariri, yatsan nan na shida, ya bushe ya faɗi da kansa ba jini."

Ya bushe ya faɗi da kansa. Mu uku muna zaune, da kunnuwa shida, ba wanda ya ji abin da aka faɗa.

Na ce, "Baba, in ya fara haniniya fa?"

Ya ce, "Sai mu ɗaura maka sirdi kai, tunda kai ne jakin gidan."

Malam da aka gaya masa bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya ce, "Allah ya sa a dace." A wurin Malam wannan izini ne.

Wanzami ya samo gashi baƙi mai kauri, ya wanke, ya zagaye haƙoran nan biyu da shi, ya ja, ya ƙulle. Yaya ya runtse ido, hawaye ya zubo, bai yi ko tari ba. Duk ranar Juma'a in ya zo yi wa Malam aski sai ya duba.

Abin haushin shi ne, ya yi aiki. Da bai yi ba da an bari tun da wuri. Kafin damina ta yi nisa wushirya ta fara matsewa. Haƙoran suka matso juna, suka ɗan kwanta ciki. Leɓe ya fara rufuwa. Wata safiya Yaya na biya wa Malam karatu, ya wuce wata aya mai sin a jere, ni ina gyara akumari a gefe ina jiran "sake". Shiru. Sai na ji Malam ya ce, "Ci gaba."

Yaya ya tsaya, ya zaci bai ji daidai ba.

"Na ce ci gaba."

Ranar Inna ta yi dambu, ta zuba masa mai har yana kwarara, ta ba ni ta ce, "Kai wa wancan." Ko a ranar ba ta iya kallonsa ba.

Wata Juma'a wanzami ya duba bai ga gashin ba. Ya ce, "Ya tsinke, ka haɗiye shi da tuwo. Ba komai." Ya ɗaura wani. Bayan an kwana biyu shi ma ya ɓace. Ya ɗaura wani. Muna ta dariya, ina cewa cikin Yaya ya kusa tara wutsiya guda. Ba wanda ya lura cewa haƙori faɗinsa wajen da ake cizo yake, can wajen saiwa tsukewa yake yi. Abin da aka ɗaure da ƙarfi kuwa wajen tsukakken wuri yake gangarawa. Gashin ba tsinkewa yake ba. Hawa yake yana shigewa ƙarƙashin dasashi.

Dasashin ya kumbura, ya yi ja. Haƙoran suka zama kamar sun ƙara tsawo. Bakinsa ya fara wari, shi da asuwaki ba ya barin hannunsa. Aka ce zafi ne, aka dafa bagaruwa yana kurkurawa, Malam ya yi masa rubutu ya sha. Yaya ya daina cin tuwo sai kunu. In na tambaye shi sai ya ce da sauƙi. An riga an aika wa alaramma cewa ya zo bayan an yi girbi, kuma ya amsa.

Kaka ta zo daga Miga ana yankan gero. Tana ganinsa ta kama haɓarsa, ta taɓa haƙori ɗaya da yatsa.

Ta ce, "Wannan ai rawa yake. Wa ya yi maka haka?"

Ya ce, "Iya, gyara ne."

"Gyaran uban wa? Ni na raine ka da bakinka haka, ka ci ka sha, ka yi sallah. A kwance abin nan yau."

Ya riƙe hannunta ya ce, "Iya, bari alaramma ya zo ya tafi. Daga nan ko duka za a cire a cire."

Kaka ta janye hannunta. Ta juyo kaina ta ce, "Kai kuma mai bakin tsiya, yau ba ka da magana?"

Alaramma ya iso a kan wata tsohuwar goɗiya. Da hantsi aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar zaure, ƙarƙashin tsamiya. Malam na gefensa, sabon rawani fari na naɗe a cikin faifai. Dattawan unguwa sun zauna, ɗalibai sun yi shiru, mata na leƙe ta katanga. Mutumin Aujara na can baya, kansa a sunkuye.

Alaramma ya ce, "Bismilla, ɗana. Ɗauko daga inda ka so."

Yaya ya fara. Jama'a, na ji karatu a Masar, na ji a Makka, ban ce ya fi su ba, amma ban taɓa jin wanda ya shiga jikina kamar na ranar ba. Sin na fita siririya, tsaf, ba iska. Mim na rufuwa. Alaramma ya lumshe ido yana kaɗa kai. Sai ya tsayar da shi ya jefa shi wata sura, ya kama. Ya sake jefa shi wata, ya kama. Na saci kallon Malam, na ga leɓensa na bin karatun.

Ni na fara ganin jinin, a gefen bakinsa. Ya haɗiye ya ci gaba. Ya sake taruwa, ya sake haɗiyewa. Can a tsakiyar wata aya muryarsa ta sarƙe, ya kai hannu baki. Da ya buɗe tafinsa sai ga haƙori, dogo, da saiwarsa duka. A jikin saiwar kuwa gashin doki ne baƙi, zagaye a kan zagaye, duk wanda aka ce ya haɗiye da tuwo yana nan.

Ba wanda ya yi motsi. Wanzami ne ya fara salati.

Alaramma ya ce a hankali, "Je ka kurkure bakinka, ɗana. Muna nan."

Ya je ya kurkure ya dawo ya zauna. Ya ɗauko ayar daga farko. Iska ta fita ta giɓin nan, fuu, fiye da da. Ya sake. Ba wanda ya ce masa ya sake, shi ya sake da kansa, ya kuma sakewa. Alaramma ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ya isa. Allah ya san abin da ke ƙirjinka."

Ɗaya haƙorin bai kai sati ba ya bi ɗan'uwansa.

Alaramma ya so a jinkirta. Ya ce wa Malam hadda irin wannan ba a samunta ko'ina. Malam ya ce, "Gafarta malam, yara daga bakin malami suke ɗauka. In ya hura, su ma hurawa za su yi, su koya wa nasu. Ba zan tashi gaban Allah da wannan ba." Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Kafin alaramma ya hau goɗiyarsa, an naɗa wa mutumin Aujara rawani. Shi ma kuka yake. Kowa kuka, amma rawani dai ya hau kan da ya hau. Makarantar kakanninmu ta bar hannunmu a cikin zaurenmu.

Yaya bai bar gida ba. Ya koma ɗakinsa ya kama rubuta Alƙur'ani da ka, aikin da ba ya son baki. Ya riƙa jan rawani ya rufe leɓe. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya rage magana. Ni ne na kasa zama. Gidan ya yi mini ƙunci, na kora jakaina na bi duniya.

Shekaru da yawa bayan haka, a hanyar hajji, guzuri ya ƙare mini a Hartum, na tsaya ina dako. Wata rana na kai kaya gidan wani baƙon likita mai aikin haƙori, fari ne amma ba irin Turawanmu ba. A barandarsa na ga wata yarinya 'yar attajirai, ta yi dariya, sai ga ƙarfe na walƙiya a bakinta. Na ajiye kaya na tsaya kamar gunki. Da guntun Larabcina na roƙi likitan ya nuna mini. Mutumin kirki ne, ya sa ta buɗe baki. Kowane haƙori da ɗan zobensa na ƙarfe an liƙa masa, zaren kuma ta jikin zobban ya bi, an kafe shi a turame na ciki. Ba inda ya taɓa dasashi, ba yadda zai yi ya gangara. Ya ce a hankali ake ja, abin shekara da shekaru ne, kuma kullum ido na kai.

Ɗan zobe. Abin da ya rage a maganar ke nan. Ko Baturen ne bai ga dalilin ƙarasawa ba, ko tafinta ne ya gaji, oho. An ba mu rabin magana a ƙofar hakimi, aka ture mu gaba.

Na ba likitan labarin gashin doki. Ya dafe kai da hannu biyu.

Da na dawo Dutse, Malam ya rasu, kaka ta rasu, wanzami ma. Aka yi ta zuwa yi mini barka. Da jama'a suka watse da la'asar na shiga ɗakin Yaya. Yana zaune da tawada da alƙalami, gemunsa ya yi fari. Daga zaure ana jin yara na biya karatu bayan mutumin Aujara.

Na ce, "Yaya, har yanzu ƙofar a buɗe? Ƙudaje ba su gode maka ba?"

Ya yi dariya a bayan rawani. Ya tambaye ni Ka'aba, ya tambaye ni teku. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "A yawonka, ka ga zaren ƙarfen nan?"

Na yi niyyar in ce ban gani ba. Amma Yaya ba mutumin da ake yi wa ƙarya ba ne. Na ce na gani. Na gaya masa zobban, na gaya masa yarinyar.

"Kuma suna komawa layi?"

"Suna komawa."

Ya kalli takardar gabansa. Ya ce, "Ashe Baturen nan bai yi ƙarya ba."

Sai ga autarsa ta shigo, 'yar mitsitsiya, ta raɓe a jikinsa tana kallona, babban yatsanta a baki. Ya ajiye alƙalami, ya zare yatsan a hankali. Ya jawo wani ɗan kasko a bayan buzunsa, jiƙaƙƙen ɓawon maɗaci ne a ciki, ya tsoma yatsan ya saki. Ta mayar baki, ta yamutsa fuska, ta fashe da kuka. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya yana jijjigawa, ya bar ta ta yi kukanta.